"Mun Yafe": Kalmar da Muke Saurin Faɗa Kafin Kai Ya Warke

A ajina na CM2 a nan Sokode akwai wani yaro da nake kira idan allo ya gagari kowa. Shekararsa 11 a lokacin. Lissafin ka kuwa, kafin in rufe baki ya ɗaga hannu. Ba zan kama sunansa ba, domin 'yan Zango mun san juna kamar yunwar cikinmu.

Wata rana da azahar, an tashi daga makaranta, yana tsallaka babban titin nan da ya ratsa gari, sai wata motar haya ta make shi da gefe. Ya faɗi, ƙeyarsa ta bugi kwalta. Ya suma na 'yan mintuna, ya farfaɗo, ya yi amai sau biyu. A asibiti aka yi masa ɗinki, ya kwana ɗaya, aka sallame shi.

Direban ɗan unguwa ne, sahu ɗaya suke sallah da mahaifin yaron. Bayan isha'i sai ga shi da dattawa uku da ƙullin goro. Ya biya kuɗin asibiti, ya ajiye jaka 20 a kan tabarma. Mahaifin ya tura masa kuɗin, ya ce: "Haba Alhaji, abin da Allah ya rubuta ne. Mun yafe duniya da lahira." Aka shafa fatiha. Ina wurin, ni ma na shafa, har na ce a raina ga Musulunci nan. Ba wanda ya kira jandarma, ba wanda ya nemi takardar likita.

Bayan mako uku yaro ya dawo aji, ɗinki ya warke, gashi ya fara rufe tabon. Amma ba shi ba ne. In na ba shi lissafi mai hawa biyu, sai ya yi na farko ya manta abin da ake nema. Ƙarfe goma na safe ya kifa kai a tebur. Hayaniyar yara kaɗan sai ya toshe kunne, wani lokaci ya kai wa na kusa da shi duka, shi da ko kaza ba ya kora. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na ɗauka sangarta ce ta wanda aka lallaɓa a gida. Na tsawata masa, na sa shi durƙuso ba sau ɗaya ba. Ya zauna jarrabawar CEPD ya faɗi. A wata na takwas ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida yana karkarwa, kumfa na fita a bakinsa. Mutanen gida suka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi da rubutu wata biyu. Sai da aka kai shi gaban likita ya tambaya: yaron nan ya taɓa buguwa a kai? Farfaɗiya ce, daga tabon da buguwar ta bari a ƙwaƙwalwa. Yau kullum yana shan magani, kuma mahaifinsa, mai ɗinkin takalma, shi yake saye.

Motar da ta buge shi kuwa tana da inshora, abin da muke kira asiransi, kuma takardar ba ta mutu ba a ranar. Wannan daga baya na sani.

Raunin kai ba kamar karaya ba ne, da kowa zai ga ƙafa a ɗaure ya ce sannu. Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi a cikin ƙoƙon ƙashi. Idan kai ya bugu, tana girgiza ta daki ƙashin daga ciki, gaba da baya, ko da fata ba ta tsage ba. Wani lokaci jijiya ce take fashewa, jini ya riƙa taruwa a hankali yana danne ta. Shi ya sa mutum zai tashi daga faɗuwa ya kakkaɓe riga, ya yi hira, bayan 'yan sa'o'i ya kwanta barci bai tashi ba. Ga tsofaffi, taruwar jinin tana iya ɗaukar makonni kafin ta nuna. Amai a kai a kai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ba a iya tashin mutum daga shi, ruɗewa, jini ko ruwa daga kunne ko hanci, mutuwar ɓarin jiki, jijjiga: duk wanda aka ga ɗaya daga cikinsu, asibiti za a koma a daren, ba jiran safiya. Likitoci suna da ma'auni na farkawar mutum, ana ce masa ma'aunin Gilasgo, daga 3 zuwa 15, kuma 8 zuwa ƙasa shi ne mummunan rauni. To amma ko wanda aka rubuta wa 14 yana iya fita da mantuwa, saurin fushi da kasa tattara hankali. Gaban ƙwaƙwalwa, ta wajen goshi, shi ne mai riƙe da kunya da haƙuri da tsara al'amura. In ya taɓu, iyali za su ce hali ne ya canza, ba za su ce ciwo ba.

Abin da ya buɗe mini ido ya faru ne bayan shekara guda, a Dapaong, inda dangin mahaifiyata suke. Ɗan kawuna, tela ne mai 'ya'ya huɗu, ya hau zemijan zai je karɓo yadi, sai wata babbar mota mai jan kaya da ta nufi Sinkase ta kwashe su. Duk wanda ya san hanyar ƙasa mai lamba 1, daga Lome ta Atakpame, Sokode, Bafilo, Kara, Mango, Dapaong har iyakar Burkina, ya san yadda manyan motocin tashar jirgin ruwa suke cakuɗuwa da babura da yara 'yan makaranta a tsakiyar gari. Ma'aikatar tsaro da kanta ta ƙirga sama da mutum 600 da suka mutu a hanyoyin Togo a 2021, haka ma a 2022, kuma masu babura ne suka fi yawa a hatsarin. Mai zemijan yana da hular kwano, ya tsira da karaya. Ɗan kawuna ba shi da ita. Kwana tara bai san inda yake ba.

A nan aka fara ganin tsadar nisa. Manyan asibitocin koyarwa uku ne a ƙasar nan, biyu a Lome, ɗaya a Kara. Daga Dapaong zuwa Kara kilomita 200 da wani abu, zuwa Lome kuwa sama da 600. Kuɗin motar asibiti, kuɗin hoton kai, kuɗin mai jinya, duk a aljihun dangi. Aka sayar da keken ɗinki ɗaya da tunkiya biyu.

Mai motar ya aiko da wakili, da dattawa da goro, kamar yadda aka saba. Kawu har ya fara gyaran murya. Sai yayan matar, wanda ya shekara 20 yana tuƙi tsakanin Lome da Wagadugu, ya ce: "Kawu, a yi mini haƙuri in shiga maganar manya. Direba mun yafe masa, ba mu neman a ɗaure kowa. Amma kamfanin asiransi ba ɗan'uwanmu ba ne, kuma duk shekara ana biyansa ne domin irin wannan rana." Shi ne ya tsaya tun a wurin hatsarin sai da jandarma suka zo suka auna, suka rubuta lambar mota da sunan kamfanin inshorarta. Da yake ni ne mai karatun Faransanci a dangi, sai takardun suka faɗo a kaina. Haka na zauna na karanta dokar da ban taɓa sanin akwai ta ba.

Ana kiranta dokar CIMA. Yarjejeniya ce da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, ta fara aiki a 1995, kuma ƙasashe 14 suke bin ta, har da Togo, Benin, Nijar da Burkina Faso. Ta wajabta inshora a kan duk abin hawa mai inji, har babur. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wannan: mai tafiya a ƙasa da fasinja, ana biyansu diyyar raunin jiki ko da su ne suka yi sakaci, sai dai in da gangan suka jefa kansu. Wato cewa "ai yaron ne ya tsallaka bai duba ba" ba ta hana shi haƙƙinsa. Wanda yake riƙe da sitiyari ko kan babur shi ne ake duba laifinsa, a rage masa ko a hana shi. Motar da ta shigo daga wata ƙasa kuwa, a tambayi katin inshorar ECOWAS mai ruwan ƙasa, tsarin da aka kafa tun 1982, wanda sakatariyarsa take nan Lome.

Komai a kan takarda biyu yake tsaye. Ta farko ita ce rahoton hatsari na jandarma ko 'yan sanda, wanda kowa ke kira PV. Doka ta ce a aika wa kamfanin inshora da shi cikin wata 3, kuma wanda aka buge yana da ikon neman kwafi. Namu sai da muka yi sawu biyar. Ta biyu ita ce takardar likita ta ranar farko. A nan mutanenmu suke yin asara ba su sani ba. In likita ya rubuta "rauni a fatar kai" kawai, bai rubuta suma ba, bai rubuta amai ba, to ranar da farfaɗiya ta zo kamfani zai ce ina alaƙarta da hatsarin? Ka faɗa wa likita duk abin da aka gani, minti nawa ya suma, sau nawa ya yi amai, ka roƙe shi ya rubuta. Bayan su sai rasit, kowanne, ko na allura ɗaya ne. Matar ɗan kawuna a cikin gwangwanin madara take tara su.

Kamfani ne doka ta ɗora wa ya gabatar da tayin diyya cikin wa'adi, in ya makara akwai tara a kansa. Ba a zuwa kotu sai an kasa daidaitawa. Amma a aikace, in ba ka bi ba, ba mai bin ka. Sau uku na hau motar dare zuwa Lome, ranar da ba ni da aji. A ƙofar ofishin wani mutum mai jakar hannu ya tare ni, ya ce shi ya san kowa a ciki, in sa ɗan'uwana ya dangwala masa wakilci, a raba abin da ya fito gida biyu. Irinsu suna da yawa, har gadon asibiti suke bin mutane. Doka ta ba ka damar ɗaukar mai ba ka shawara wanda ka zaɓa, to ya zama lauya mai ofishi, ku yi magana a kan ladansa a rubuce tun farko.

Wurin da aka fi cutar mai raunin kai shi ne awon naƙasa. Ana jira sai ciwo ya tsaya, ba ya gaba ba ya baya, sannan likitan da kamfani ya zaɓa ya duba mutum ya ba shi kashi cikin ɗari. Da wannan kashi, da shekarun mutum, da mafi ƙarancin albashi na ƙasa ake lissafa kuɗin. Mafi ƙarancin albashin nan sefa 35,000 ne a da, ya koma 52,500 daga Janairun 2023. Na raka ɗan kawuna wurin awon. Aka ce ya yi tafiya, ya yi. Ya ɗaga hannu, ya ɗaga. Yaya sunanka, ya faɗa. Yaya jiki? Ya ce: "Alhamdu lillahi, da sauƙi." Mu Hausawa ko a bakin kabari aka tambaye mu, da sauƙi za mu ce. Minti goma aka gama, aka ba shi kashi ɗan kaɗan.

Alhali mutumin nan ya auna ka yanzu, kafin ya kai almakashi kan yadi ya manta awon. Ya ɓata shaddar mutane uku kafin ya haƙura ya rufe shago. Rannan ya fita sayen sukari aka tsinto shi a Nasabile bai san hanyar gida ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka na ba matarsa littafin rubutu irin na 'yan makaranta, na ce duk abin da ya faru ta sa babbar 'yarsu ta rubuta da kwanan wata. Ta ce: "Yaya Malam, wannan ai tonon asirin mijina ne." Na ce asirin da za a rufe a hana yaransa abinci, gara likita ya gani. Muka ƙi amincewa da awon farko, doka ta yarda da haka, ta kuma yarda ka je da naka likitan in za ka iya biyansa. A awo na biyu, gaban likitan ƙwaƙwalwa, littafin nan ne ya yi magana. Kashin ya ninka fiye da biyu.

Kada in yaudari mai karatu, kuɗin ba su kai asarar ba. Dokar tana da rowa. Diyyar asarar kuɗin shiga ta dindindin sai naƙasa ta kai kashi 50, kuɗin mai kula da majiyyaci sai ta kai kashi 80. Ɗan kawuna bai kai 50 ba, duk da cewa ba zai sake ɗinki ba har abada. A ganina wannan ma'auni an yi shi ne da tunanin ƙafa da hannu, ba da tunanin tela da ya rasa ƙwaƙwalwar awo ba. Kuma wanda ba shi da takardar albashi ko wata shaidar abin da yake samu, da mafi ƙarancin albashi ake yi masa lissafi, ko da a watan sallah yana samun ninkinsa uku. Duk da haka an mayar da kuɗin asibiti, an fanso keke, matar ta ja jarin sayar da hatsi, yara huɗu ba su bar makaranta ba. Wata ashirin da biyu aka yi.

Abu biyu da na so a ce na sani da wuri. Wanda ya sa hannu a kan tayin kamfani yana da kwana 15 ya janye ta wasiƙa mai rajista, idan an saɓa wa dokar a lissafin. Kuma ana iya neman haƙƙi matuƙar ba a wuce shekara 5 daga ranar hatsari ba. Kamfanin da ya yi kunnen ƙashi, akwai ofishin da ke sa ido a kan kamfanonin inshora a ƙarƙashin ma'aikatar kuɗi, akwai kotu a Sokode da Dapaong, da ta ɗaukaka ƙara a Kara. Babban ramin da ya rage shi ne babur marar inshora da direban da ya gudu. Je ka tashar zemijan ka ce kowa ya nuna takardarsa, ka ga dariya. A Senegal akwai asusu na musamman da yake biyan irin waɗannan, kuma irinsa talakan Zango yake bukata ya tsaya da ƙafarsa a nan.

Saura maganar da ta fi nauyi a zukatanmu: cin kuɗin ciwo ba rashin tawakkali ba ne? Na kai wa wani malaminmu da muka yi karatun Risala a zaurensa. Ya yi murmushi ya ce: "Malam, ka yi babin diyya ko ka tsallake?" Ya tuna mini cewa a mazhabar Malikiyya raunin kai ma sunaye gare shi. Wanda ya bayyana ƙashi, raƙumi biyar ne. Wanda ya kai ga ƙwaƙwalwa, sulusin diyya ne. Gushewar hankali kuwa cikakkiyar diyya ce, raƙumi ɗari, daidai da rai. Kuma ba a yanke diyyar rauni sai ya warke an ga abin da ya bari. Na ce, Allah gafarta Malam, ai wannan shi ne abin da likitocin inshora suke jira. Ya ce to ka gani. A kuskure ma, in diyya ta yi nauyi, ba a kan mutum ɗaya ake ɗora ta ba, danginsa na wajen uba suke haɗuwa su biya. Game da inshorar kanta ya ce malamai sun yi saɓani a kan cinikinta, amma wanda aka buge ba shi ya ƙulla cinikin ba, haƙƙinsa yake karɓa, kuma malamai da yawa sun halatta masa.

Sai ya ƙara wata da ta hana ni barci. Ya ce yafiya alheri ce babba, amma mutum haƙƙinsa yake yafewa. Diyyar yaro dukiyar yaro ce, waliyyi kuwa ba ya kyauta da dukiyar yaro. Na koma na duba dokar CIMA, ita ma ta yi tanadi na musamman a kan sulhu game da haƙƙin ƙaramin yaro.

Da wannan na tafi rumfar mahaifin ɗalibina. Shekara biyu da rabi ke nan da hatsarin, wa'adi bai cika ba. Lauyan da ya taimake mu a Dapaong ya ce ƙofa ba ta rufe ba, amma ba PV, ba takardar ranar farko, aikin zai yi wuya. Sai an nemo rajistar asibiti ta wannan dare, a samu shaidu, kuma direban ya yarda ya faɗi abin da ya faru.

Mahaifin ya saurare ni yana jan zare da haƙori. Ya ce: "Malam, ni da bakina na ce na yafe a gaban dattawa. In koma in lashe amaina? Da wane ido zan dubi Alhaji a masallaci?" Na ce masa Baba, ba Alhaji ne zai biya ba, kuma ba wanda zai taɓa shi. Ya ce zai yi shawara.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sallame, sai ga Alhajin da kansa ya kama hannuna ya ja ni gefe. Ashe labari ya kai masa. Ya zaro wata tsohuwar takarda a leda daga aljihun gaba, ta inshorar shekarar ce, ya ce tun ranar da ya ga yaron ya faɗi a ƙofar masallaci bai ƙara samun natsuwa ba. Ya ce duk inda ake so ya je ya faɗa, zai je. Ranar Laraba da yamma ba ni da aji, mun yi da shi za mu je asibiti neman rajistar. Mahaifin bai ce zai zo ba, bai kuma ce ba zai zo ba.